Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mai Ciki, Tsohuwar Mota Da Taɓon Damina

  

Yau zancen mota da taɓo za mu yi. Na san wata za ta ce, "Nas, ke da allura ce aikinki, me ya haɗa ki da mota?" Ki dai biyo ni a hankali. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa a yankinmu na Anka, Bukkuyum da Gummi ta san cewa daga Yuli zuwa Satumba, kafin mai naƙuda ta iso hannunmu, hanya ta riga ta yi nata aikin. Tun ban buɗe katin awo ba nakan kalli wandon waɗanda suka ɗauko ta. Inda taɓo ya tsaya a ƙafarsu, shi ke faɗa mini yawan lokacin da aka ɓata. Ga shi kuma hadari ya fara haɗowa, don haka yanzu ne lokacin maganar.

Masu biyan kuɗi don su shiga taɓo

A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Motor Cycling Club, wadda aka kafa a 1901. Kowace shekara a farkon Janairu tana shirya wata gasa da ake kira Exeter Trial, an fara ta tun 1910. Hunturunsu ba irin namu ba ne mai ƙura da tsagewar kaushi. Nasu sanyi ne da ruwan sama da caɓi. A cikin wannan yanayi mutane ke fito da tsofaffin motoci da babura, wasu motocin sun girmi iyayenmu, su tashi da dare, su kwana suna tafiya, gari ya waye suna yankin Devon, inda aka zaɓa musu tsofaffin hanyoyin karkara masu hawa, duk duwatsu da laka. Mafi shahara a cikinsu wani tudu ne da ake kira Simms, wanda jama'a ke cika gefensa don kallo.

Ba gudu ake aunawa ba. Abin da ake so shi ne ka hau tudun daga ƙasa har sama ba tare da motarka ta tsaya ba. A wasu wuraren ma da gangan za a tsayar da kai a tsakiyar hawa, inda ya fi santsi, a ce ka sake tashi ba tare da motar ta zame baya ba. Ba a yarda da motar da tayoyinta huɗu duka ke ja ba. Wanda ya haye dukan tuddan ba kuskure, shi ke samun lambar zinare. Iyakar abin ke nan. Lambar yabo, da gajiya, da wankin mota.

Abin da ya ja hankalina shi ne mutanen da ba sa tuƙi. A kowane tudu akwai 'yan sa kai da suke kira mashal, mu ce musu masu tuta. Ba a biyan su ko sisi. Tun cikin dare suke tsaye cikin sanyi da tocila. Ɗaya yana ƙasa, ba zai saki mota ba sai an tabbatar masa ta gaba ta fice. Ɗaya yana tsakiya da tuta. Ɗaya yana sama yana rubutawa. A gefe an tanadi abin janye duk motar da ta kafe. Kafin a tashi sai an duba lafiyar kowace mota, kowane direba kuma yana da abokin tafiya riƙe da takardar hanya. Akwai motar da ke fara wucewa ta ga ko hanya na biyuwa, akwai wadda ke zuwa a ƙarshe ta tabbatar ba a bar kowa a daji ba.

Wato mutanen da wasa kawai ya kai su taɓo ba sa shigarsa sai da shiri. Mu da rai ke kai mu, sau da yawa sai naƙuda ta kankama ake fara tambayar wa ke da mota.

Tamu gasar

Mu ma mun san tseren mota. Bikin kamun kifi na Argungu yana da nasa tseren, kuma da aka dawo da bikin a Maris 2020 motocin daga Abuja suka taso. Amma wannan a rani ne, hanya a bushe. Tsohuwar Fijo 504 ɗin nan da muke rainawa a tasha, irinta ce ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Motar an san ta da juriya a mugunyar hanya, direbobinmu kuma gwanaye ne. Wanda ke bin hanyar Bagega ko Gwashi ko Gyalange kullum a watan Agusta, da za a kai shi tudun Simms ba zai ba mu kunya ba.

Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Babbar hanyar da ta ratsa Anka ta bi Daki Takwas zuwa Gummi hanya ɗaya ce, ƙauyukanmu kuwa suna can ciki, bayan fadama da ƙorama da kwazazzabo. Idan marka ta sauka, tafiyar rabin awa takan koma ta wuni. Ku tuna 2010, lokacin gubar dalma da ta kashe mana yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun yi Dareta da 'Yargalma a Yuni da Yuli, daga nan damina ta tsayar da su, sai a Oktoba suka koma sauran ƙauyukan. Waɗannan fa ƙungiyoyi ne masu manyan motoci da kuɗi. Ku tuna kuma ambaliyar Gummi ta Agusta 2024 da ta raba dubban mutane da gidajensu, da kwale-kwalen da ya kife da manoma a watan da ya biyo baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ruwan yankin nan ba abin wasa ba ne.

Agogon da ke cikin jikin mace

A wajen horarwa ana koya mana cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, su suka tsara wannan bayani a 1994, har yau da shi ake aiki. Na uku namu ne, ma'aikata da hukuma. Na farko da na biyu kuwa a gida ake maganinsu.

Ga lissafin da nake so kowace uwa ta riƙe. Zubar jini bayan haihuwa, idan ya yi tsanani ba a tsayar da shi ba, yana iya kashe mace cikin awa 2. Zubar jini kafin haihuwa, kamar awa 12. Jijjiga, kamar kwana 2. Naƙudar da ta toshe, kwana 2 zuwa 3, kuma ko uwar ta tsira, jaririn kan tafi, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Yanzu ki ɗora awa 2 ɗin nan a kan hanyar garinku ranar da aka kwana ana ruwa. Neman direba ya ci rabin awa, neman mai ya ci rabin awa, mota ta kafe sau ɗaya. Me ya rage?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a wannan shekarar sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna a Zamfara kusan mace ɗaya ce cikin goma ke haihuwa a asibiti. Sauran tara suna gida, kuma idan abu ya rikice, mota ce tsakaninsu da mu.

Direba tun yanzu

Abu na farko, a san motar da za a shiga tun ciki yana wata bakwai. Maigida ya je ya zauna da direba, su yi magana ta fahimta: ko da tsakar dare ne za a buga maka ƙofa, ga kuɗin mai, ka bar tankinka da mai. A nemi na biyu, domin ranar da ake buƙatar na farko yana iya kasancewa a kasuwar wani gari. A san gidajensu da ƙafa, ba lambar waya kaɗai ba. Ba mu manta Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Ko ba a rufe ba, hadari kaɗai ya isa ya ɗauke sabis.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙarƙashin shirin PRRINN-MNCH, wanda Birtaniya da Norway suka tallafa a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti a matsayin aikin sa kai. An koya musu alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mace a kwantar da ita. Ladan da tasha ta riƙa ba direba a lokacin shi ne idan ya dawo, a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba. A Jigawa ana kiran irin wannan shiri Haihuwa Lafiya. Maigida ya tambayi shugaban tashar garinku, wane direba ne ya taɓa yin wannan horo, ko wane ne aka sani da taimakon masu haihuwa. Kowace tasha tana da irinsu.

A duba motar kamar yadda masu gasa ke yi. Tayoyi suna da zane ko sun zama sulɓi? Akwai safaya da jak? Fitila tana kamawa? Abin goge gilashi yana aiki? A but a ajiye shebur ko fartanya, igiya mai ƙarfi, katako biyu, da famfon taya. Inda mota ba ta shiga sam, a shirya tafiyar gaɓa-gaɓa: amalanke ko mashin zuwa bakin ƙorama, mota tana jira a tsallake.

Sai izini. Mata da yawa sun zauna suna zubar da jini saboda maigida yana gona ko ya yi tafiya, ba wanda ya isa ya ce a fita da su. Ki roƙe shi tun yau, a gaban mahaifiyarsa ko wansa, ya furta cewa duk lokacin da aka ga alamar haɗari a tafi da ke, ba sai an jira shi ba. Magana ce ta minti ɗaya.

Masu tutar gidanku

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar tafiya kowa ya san aikinsa, kada mutum goma su taru a kan abu ɗaya, a bar sauran.

Mutum ɗaya mai mashin ya riga mota, ya dubo wuraren da aka san suna riƙe mota, ya dawo ko ya kira ya ce a biyo nan, a kauce can. Samari uku ko huɗu su biyo baya a kan mashin don turi, kada a cusa su cikin motar su ƙara mata nauyi. Mace ɗaya mai natsuwa ta zauna da mai naƙuda, ita ke riƙe da jaka da katin awo. Mutum biyu masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini su taho tare, an riga an auna rukunin jininsu tun lokacin awo. Mutum ɗaya ya kira ma'aikacin asibiti ya ce ga mu nan tafe, ga abin da ke faruwa, domin mu shirya ƙarin ruwa da magani kafin ku iso. Wata kuma ta tsaya da yara a gida.

Kuɗi ya zama a hannu, a ƙulle wuri ɗaya, kada a dogara da mai POS da tsakar dare. Wasu unguwanni suna da asusun mata na haihuwa, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk mako, wadda ta shiga matsala a ranta mata. Idan kuna adashi, ku ware masa kwasa ɗaya. A Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ki tambaya a wajen awo wane asibiti ne mafi kusa da ke a cikin tsarin. Ko da hakan, mai da abinci da sauran ƙananan abubuwa suna nan a wuyanku.

Idan mota ta kafe

Ba ke ce ke tuƙi ba, amma sanin waɗannan zai sa ki iya cewa "a dakata" idan kin ga ana ɓarna.

Masu gasar Ingila kafin su hau tudu sukan rage iskar taya. Taya mai ƙarancin iska takan baje ta kama ƙasa, mai tauri kuwa sai ta yanka taɓo ta nutse. Da zarar sun koma kan kwalta sai su mayar da iskar, domin gudu da taya saɓa-saɓa yana sa ta yi zafi ta fashe. Amfanin famfo ke nan.

Sukan kuma sa nauyi a kan tayoyin da ke jan motar, har abokin tafiya ya riƙa tsalle a kujera don taya ta ciji ƙasa. A nan sai a lura. Fijo 504 da akori-kura da tayoyin baya suke ja, nauyi a baya yana taimakonsu. Golf kuwa da tayoyin gaba take ja, idan aka cika bayanta da mutane da kaya, gaban ya yi sama, sai ta yi ta jujjuya taya a wuri ɗaya. Tsallen nan kuma na samari ne. Ba a jijjiga mota da mai naƙuda ko mai zubar jini a ciki. Idan abin ya kai ga haka, a sauko da ita a shimfiɗa mata a tudu, a lulluɓe ta.

Taka totur da ƙarfi rami yake haƙa wa taya. Gwanin direba a giya ta biyu yake shiga, a hankali, ba tsayawa, ba birki a tsakiya. Idan ta kafe, a tsaya, a kwashe lakar gaban tayoyi, a cusa karan dawa ko rassa ko buhu, a ɗan yi baya a yi gaba har ta samu wurin kamawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku ja wa 'ya'yanku kunne a kan turi. Kada yaro ya tsaya daidai bayan tayar da ke juyawa, domin katako ko dutsen da aka sa yakan fito kamar harsashi. Kada ya tsaya kusa da igiyar da ake ja, idan ta tsinke bulala ce. Kada ya tsaya ƙasan mota a kan gangare. Duk damina muna ɗinke irin waɗannan raunuka. Wanda ya yanke a cikin taɓo a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, a kawo shi a yi masa allurar tetanus, kada a shafa ƙasa ko man birki.

Akwai haɗari ɗaya da mutane ba su cika sani ba. Mota ta nutse har salansa ta shiga laka, injin yana aiki, an rufe gilashi saboda ruwa. Hayaƙin yakan dawo cikin motar, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Alamarta ciwon kai, jiri, da barci mai nauyi. Jariri da mai ciki su ta fi saurin kamawa. Muddin ana tsaye, a kashe injin ko a sauke gilashi.

Ruwa mai gudu

Taɓo lokaci yake ci, ruwa kuwa rai yake ci. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Santimita 60, wajen gwiwa ke nan ko sama kaɗan, yana tafiya da yawancin motoci. Da dare kuma ba a ganin ko ruwan ya cinye kwalbatin da ke ƙasa.

Ƙoramun yankinmu sukan cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba, saboda an yi shi a sama, kuma sau da yawa sukan janye bayan 'yan awoyi. A kafa kara a bakin ruwa a ga yana hawa ko yana sauka. A saurari mutanen wurin, su suka san mashiginsu. Idan suka ce ba a shiga, to ba a shiga, ko da direba ya rantse ya saba. A nemi zagaye, ko a kira mota daga tsallake. Idan kwale-kwale za a shiga, mai naƙuda da mutum biyu sun isa, sauran su jira sawu na gaba.

Aikin mai rakiya a cikin mota

Mai ciki ta kwanta a gefenta na hagu a kujerar baya, kada ta yi rigingine, domin nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Idan ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ki sa hannu a ƙasan cibiyarta ki murza har ki ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo, ki riƙa maimaitawa. A sa ta yi fitsari idan za ta iya, a sa mata jariri a nono, a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta. Zannuwan da suka jiƙe a zuba a leda a taho da su, da su muke ƙiyasta jinin da ya zuba. Ki tambaya a wajen awo game da ƙwayoyin misoprostol guda 3 da ake sha da zarar jariri ya fito don rage zubar jini. Ba a shan su kafin haihuwa, ko kusa, domin suna iya fasa mahaifa.

Idan jijjiga ce, a juya ta gefe, a kare kanta daga buguwa. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa ko rubutu tana cikin wannan hali, domin huhu zai tafi.

Idan haihuwa ta zo a hanya, a tsaya. A goge jariri da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe kansa, a lulluɓe su tare. Kada a ja cibiya don fito da mabiyiya, kada a yanke ta da abin da aka samu a mota. A duba agogo, a ci gaba da tafiya zuwa asibiti.

Jakar tafiya ta kasance a rataye tun wata takwas: katin awo, zannuwa 4 ko 5, kayan jariri da hula, sabulu, sabuwar reza a takardarta, babbar leda ta shimfiɗa, tocila, da ruwan sha. Duk a cikin leda, saboda ruwan sama.

Shirin nan zai yi miki amfani ko ba ki da ciki. Damina ita ce lokacin zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Yaron da ya yi zafi har ya fara taune-taune, ko ya kasa shan nono, ko barci ya yi masa nauyi, hanya ɗaya zai bi da mai naƙuda. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka shigo, na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓa, ki kuma cika na kwana biyun da ake bar miki a gida.

Dabarar da ta fi duka

Duk abin da na lissafa na wanda tafiya ta kama ne. Wadda ta fi kowa dabara ita ce wadda ta riga ruwa tsallakawa.

Ki yi lissafi. Ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ki ƙara kwana 7 da wata 9. Wadda ta ga wankinta na ƙarshe a Oktoba, haihuwarta Yuli. Nuwamba, Agusta. Disamba, Satumba. Idan kina cikin waɗannan, kuma tsakaninki da asibiti akwai ƙorama ko fadama, ki yi shawara da maigida ki koma gidan ɗan'uwa a cikin Anka ko Bukkuyum ko Gummi, ko Nasarawar Burkullu, tun cikin ya shiga wata tara, wato wajen mako 36. Muna da al'adar goyon ciki, yarinya ta koma gida ta haihu a gaban uwarta. Abin da nake roƙo shi ne a zaɓi gidan da ya fi kusa da asibiti, ko na gwaggo ne ko na kawu.

Wannan ya zama dole ga wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai cikin fari musamman ƙaramar yarinya, da wadda ta haihu biyar ko fiye, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko kumburin fuska da hannu, da wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya, da wadda aka ce jaririnta a gicciye yake ko a zaune, da mai ƙarancin jini.

Na san abin da za a ce. Aikin gona ya kankama, wa zai dafa wa masu noma, wa zai riƙe yara, ga nauyin zama a gidan mutane. Gaskiya ne, ba ƙaramin abu ba ne. Amma a auna mako uku na ɗawainiya da abin da zai samu gidan idan uwar ta tafi gaba ɗaya. Sannan dukanmu mun san halin da hanyoyinmu ke ciki ta fuskar tsaro. Akwai wuraren da ko a rani ba mai fita bayan magariba, direba kuma yana da iyali, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce sai gari ya waye. Naƙuda kuwa ba ta san dare ba. Wadda ta riga ta shigo gari ta huta da fargaba biyu, ta ruwa da ta daji.

Gyaran hanya da gada haƙƙinmu ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma cikin da ke jikinki ba zai jira kwangila ba.

Aikin wannan mako guda uku ne. Yau da dare bayan an ci tuwo, ki tambayi maigida: wane direba ne namu, wa zai ba ni jini, kuma a gidan wa zan zauna idan wata tara ya kama? Idan ke kin wuce haihuwa, ki yi wa 'yarki ko surukarki ko kishiyarki wannan tambaya. Ki kuma karanta wa maƙwabciyar da ba ta da waya.

A ƙasa ku faɗa mana, wane wuri ne ya fi riƙe mota a hanyar garinku, kuma yaya kuke yi da shi? Wadda unguwarsu ke da asusun haihuwa ta bayyana mana yadda suka tsara shi, wasu su koya. Don Allah kada a rubuta lambar waya, ko sunan direba, ko lokacin da kuke bin hanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.